Zomon da Ya Tsufa a Rumbunmu

Mahalban ƙasarmu suna cewa zomo ba ya tsufa. Ƙarya suke yi, su ne dai ba sa barinsa ya kai. Ni na ga tsohon zomo da idona, na kwashe kashinsa damina bakwai, kuma wanda ya ja mini wannan aikin banza mijina ne, Allah ya jiƙansa.

A lokacin muna zaune a wani ɗan ƙauye a bakin dajin Dakoro, inda in ka fita da hantsi za ka riski kasuwar Birnin Lalle tana cika. Ba a san Nasara ba tukuna. Abin tsoronmu fari ne, da fara, da mahara in sun gangaro daga arewa. Hatsi da wake muke nomawa. In an kai amfanin gona rumbu, ciyawa ta bushe, sai mazan gari su tuna ashe su jarumawa ne, su ɗauki ƙere, su ja karnuka, su shiga daji yaƙi da zomo.

Farautar nan tana da shugaba. Mai ƙaho ake ce masa, don shi ke rataye ƙahon da ake busawa a tara mutane. Ranar buɗe daji, zomon farko da ya tashi nasa ne, ba mai jifa sai ya jefa. In ya kuskure shekara guda, a ce ƙaddara ce. In ya kuskure biyu a jere, sai ya cire ƙahon a gaban kowa ya miƙa ma wanda ya fi shi hannu. Ƙahon kuwa, don kada ku zaci wani abin kirki ne, na wani tsohon gwanki ne, ya tsage a gefe, in an busa shi sai ka ce jaki ne ke mura. Amma mijina ya fi shekara ashirin yana rataye da shi, kuma ban da shi ba shi da komai. Noma bai iya ba, gonarmu ake nuna ma masu koyo a ce ga yadda ba a yi. Karatu bai wuce na salla ba. Albarkacin ƙahon nan ake matsa masa a kan tabarma, ake yin shiru in ya buɗe baki. In aka cire shi, abin da zai saura wani tsoho ne mai gona cike da ciyawar ƙuduji. Shi ma ya san haka sarai.

Wata shekara ya jefa, ƙeren ya samu zomo a ƙafar baya kawai, sai kare ne ya ƙarasa. Aka ce ai ya samu. Amma ya dawo gida yana matsa kafaɗa, ya ƙi cin tuwo. Ni kuwa na cinye nawa da rabin nasa.

Da damina ta sauka, ana noman farko, sai ga shi ya dawo daga gona da hula a hannu, yana takawa a hankali. Ya buɗe mini. Ɗan zomo ne a ciki, bai fi tafin hannuna ba, da gashinsa, idonsa a buɗe tar. Haka ake haihuwarsu. Uwar ba ta da gida ba ta da rami, a gindin ciyawa take ajiye ɗa ta yi gaba, sai sau ɗaya a yini take leƙowa ta ba shi nono.

Na ce, "Maigida, wannan ai ko ƙamshi ba zai ba miya ba."

Ya ce, "Ba na miya ba ne. Ajiya ce."

Ya rage murya, ko da yake daga mu sai akuya, don 'ya'yanmu mata ne kuma duk sun yi aure a wasu garuruwa. Ya ce, "Ke, saurara. Kafaɗar nan ta fara ba ni labari. Wata rana zan kuskure. To dabba ta fi mutum saurin tsufa. Za mu ajiye wannan, ya ci ya ƙoshi, ya tsufa, ƙafarsa ta mutu. In na kuskure na farko, shekara ta zagayo, sai ki kai shi daji ki ajiye inda zan bi da mutane. Ya tashi yana jan ƙafa, in maka masa ƙere. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Na dube shi, na dubi zomon, na yi dariya har sai da na dafa turmi. Na ce, "Wato tseren tsufa za ku yi, kai da shi?"

Ya ce, "Shi zai riga ni."

Na ce, "To wa zai yi renon?"

Ya ce ai wannan aikin mata ne. Dabara ta maza, wahala ta mata. Haka aka raba tun farko, kuma ba a kira mu wurin rabon ba.

Muna da wani tsohon rumbun laka a bayan ɗakina, wanda gonar mijina ba ta taɓa ba shi aikin yi ba. Nan muka zuba rairayi muka sa shi. Tsumma nake tsomawa a nonon akuya in matsa masa a baki. Na yi zaton kwana uku zai yi ya mutu in huta, amma ina! Ya fara ɗan tsinkar ganyen wake, ya koma kan dusa, kafin kaka kunnuwa sun miƙe, ya zama zomo sosai. Ladan da na fara samu shi ne yakushi. In na sa hannu zan kwashe kashi, sai ya harbe ni da ƙafafun baya. Har yau ga tabon a damtsena.

Shekara ta biyu da ta uku su ne ganiyarsa. Ya yi ta zagaye rumbu yana tsalle yana bugun bango, ba abin da yake so sai waje, da mace irinsa. Maƙwabciyata ta ji bugun ta katanga, ta ce, "Wai me ke cikin rumbunku?" Na ce gafiya ce. Ta ce, "Gafiya a rumbun da ba hatsi? Lallai wannan ta fi mu haƙuri." Dare bai yi ba sai da na juye ma mijina haushin duka.

A shekarun nan mijina yana ta samun zomonsa na buɗe daji, wani da hannu, wani da sa'a. Sai wata damuwa ta taso masa. Shi da ya kashe zomaye ba iyaka, ashe bai san shekara nawa zomo ke yi a duniya ba. In ajiyar ta mutu tun bai buƙace ta ba fa? Ya shiga tambayar mutane a kaikaice. Wani Bafillace da ya biyo da shanu daga wajen Azagor ya ce damina uku ce iyaka. Wani malami a kasuwar Birnin Lalle ya ce ajali na Allah ne, ya kuma tambaye shi ko ya rasa abin tambaya ne. Wani Buzu mai raƙumi ya ce zomo yana rayuwa har ranar da ya gamu da kare, ya kaɗa raƙuminsa ya wuce. Mijina ya dawo gida a firgice, don lokacin muna cikin damina ta huɗu.

Daga ranar ya karɓe rabin renon. Mutumin da bai taɓa ɗebo mini ko ƙwaryar ruwa ba, sai ga shi yana tsinkar yaɗiya yana ɓoyewa a cikin riga. Harawar da ta fi kyau ta zomo ce, akuya ta ci saura. Kafin ya ɗaga marfin rumbu sai ya yi gyaran murya sau biyu, wai don kada a firgita ajiya ta bugi bango ta karye. Da hannunsa yake ba shi. Tun zomon na gudu, har ya zo yana tsayawa, har ya zamana in ya ji gyaran muryar nan sai ya taso ya miƙe a kan ƙafafun baya. Nakan ji su daga ɗaki. Mijina na ba shi labarin farautar da ya yi tun yana saurayi, duk labaran da ni na daina saurara tuntuni. Na ce masa, "Maigida, ana sabo da abin yanka?" Ya ce in yi harkar gabana.

A damina ta biyar tsufa ta fara shigar zomon. Bugun bango ya ragu, barci ya ƙaru. Gashin fuskarsa ya yi fari-fari, ƙashin bayansa ya fito duk da dusar da yake ci. Ta shida, idonsa na hagu ya yi yana. Ƙafar baya ta sage, ba ya iya ɗaga ta ya sosa kunne, sai mijina ke sosa masa da tsinke. Haƙoransa na gaba suka yi tsawo har suna hana shi tauna, ni ke riƙe shi, mijina na goge su da ɗan dutse. Shi kuwa mai gugar, nasa haƙoran zubewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Man da na haɗa masa na ciwon gwiwa, na kama shi yana shafa ma zomo. Ban san wa ke gaba a tseren ba, amma wallahi ba tazara tsakaninsu.

A kakar shekarar ne ya kuskure. Zomo ya tashi ta dama, shi ya jefa wani kututture ta hagu. Aka ce ƙaddara ce, kamar yadda aka saba cewa.

Akwai ɗan ƙaninsa, magidanci ne mai iyali, hannunsa ba ya kuskure, kowa ya san shi ne zai karɓi ƙaho. Ba shi da wani laifi sai ladabi. Tun daga ranar kuskuren nan bai fasa zuwa gaisuwa ba kullum safe. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ya kafaɗar? Baba, ya idon?" Gaisuwar mai jiran gado ke nan. In ya fita, mijina ya yi tsaki ya nufi rumbu.

Damina ta bakwai ba mu yi ta cikin kwanciyar rai ba. Zomon ya kai inda wani lokaci sai ya yini kwance ta gefe guda, sai an taɓa shi a ga yana numfashi. Mijina ya riƙa roƙon Allah ya kai shi kaka. Ni da na yi zazzaɓi na kwana tara a daminar, ban ji an yi mini irin wannan roƙo ba, kuma na faɗa masa haka.

Ana jibi buɗe daji na zaunar da shi. Na ce, "Maigida, kowa ya ci zomo ya ci gudu, kai kana so ka ci a zaune. Ka kira ɗan nan ka ba shi ƙahon da hannunka, da girmanka, tun ba a karɓa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya ce, "In na ba shi, in zama wa?"

Na so in ce ka zama mijina, kamar da. Amma raina a ɓace yake, sai na ce, "Ka zama manomi, ko ƙudujin nan zai ga wanda ya shuka shi." Bai yi mini magana ba har washegari. Na yi da-na-sanin wannan magana, kuma har yau ina yi.

Ranar, da aka fito daga sallar asuba, na sa zomon a kwando na rufe da tsohon zane, na saɓi gatari kamar mai zuwa itace. Wurin da muka shirya wata kurmar sabara ce kusa da wata aduwa, gabas da gari. Na ajiye shi a gindin sabarar. Rabonsa da ganin daji tun yana cikin hula. Na zaci zai yi wani yunƙuri. Sai ya shinshina ƙasa, ya motsa kunne guda, ya kwanta. Tausayi ya kama ni, na ji haushin kaina da na ji tausayin. Na hau wani tudu da ke kusa na fara saran ƙirare, ina jin komai ina ganin komai.

Da rana ta ɗaga aka busa ƙahon nan mai kukan jaki mai mura. Maza suka jeru suka taho, mijina a tsakiya, ɗan ƙaninsa a damarsa. Karnuka na ɗaure da igiya a hannun masu su, suna ja suna haki, don ba a sakinsu sai ƙeren mai ƙaho ya bar hannunsa. Mijina ya ja mutane kai tsaye zuwa aduwa, yana duban ƙasa yana kaɗa kai, wai shi ga mai bin sawu.

Aka bugi sabara, shiru. Aka sake bugu, shiru. Karnuka kuwa sun ji wari, kamar su tsinke igiya. Ɗan ƙanin ya sa sanda ya zunguro, sai ga ajiyarmu ta fito tana jan gindi. Ya yi taku uku ya zauna a fili, ya juya idonsa mai gani yana kallon taron jarumawa. Wani ya ce, "Kai, wannan wane irin zomo ne?"

Mijina ya ɗaga ƙere. Sai ya yi gyaran murya. Sau biyu ya yi, kamar kullum.

Kunnuwan zomon suka miƙe. Ya juyo, ya taho yana ɗingishi, ya ratsa filin nan a gaban kowa, ya zo ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan ƙafar mijina, ya ɗaga kai yana jiran yaɗiya. Ni a kan tudu na ce shi ke nan, asiri ya tonu, yau sai mu bar gari.

Ashe ban san maza ba. Wani dattijo, abokin mijina tun na ƙuruciya, ya ɗaga hannu ya ce, "Allahu akbar! Jama'a kun gani? Daji ya kawo gaisuwa! Naman dawa ya zo da ƙafarsa!" Ko ya yarda da abin da yake faɗa, ko rufa ma abokinsa asiri yake yi, ban taɓa sani ba. Amma nan take wuri ya ɗauka. Masu cewa tsafi ne suna yi, masu cewa gado ne suna yi, wani har ya fara yi masa kirari. Ɗan ƙanin ma ya ja da baya, bakinsa a sake. Abin da ya rage ma mijina kawai ya sauke ƙeren nan a kan da ke jingine da ƙaurinsa. Ko makaho ba zai kuskure ba. Da ya yi, da ya mutu da ƙahonsa, ana ba da labarinsa har Birnin Lalle.

Ya tsaya da hannu a sama. Ya daɗe. Dattijon ya ce, "Mai ƙaho, bismilla mana." Sai mijina ya juya jikinsa, ya wurga ƙeren can cikin sabara, inda ba komai sai ganye.

Shi da ya fi shekara ashirin yana tsare al'adar nan, shi ne ya manta da ita. Ƙere ya bar hannu. Hannuwan da suka saba ba su jira tunani ba, aka saki igiyoyi. Kafin ya sunkuya, wata jar karya ta riga shi. Na ji ƙarar zomon har inda nake, ƙara ce irin ta jinjiri. Gatarin ya faɗi daga hannuna.

Aka kori karnuka da sanduna, amma bayan zomon ya riga ya karye. Wani ya yi ihu, "A yanka kada ya yi mushe!" Mijina ne mafi kusa. Ya zaro wuƙarsa, ya durƙusa, ya juya shi alƙibla, ya yanka. Ya goge wuƙar a ciyawa. Sannan ya cire ƙahon daga wuyansa ya miƙa ma ɗan ƙaninsa, bai ko dube shi ba. Ɗan ya ce, "Baba, ai ba sai yau ba." Ya ce, "Karɓi, rana na yi, mutane na jira." Aka ci gaba da farauta, shi ya juyo gida.

Na riga shi isowa. Ya shigo da zomon rungume a ƙirji, ba a rataye ta ƙafa ba yadda mahalba ke yi. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ki dafa."

Na ce, "Wallahi ba zan dafa ba. Mu haƙa rami a bayan rumbu."

Ya ce, "An gan ni na shigo da shi. In ba a ga na ci ba, gobe za a ce tsohon mai ƙaho ya yi ma zomo jana'iza. Ƙahon ya tafi, ki bar ni da wannan."

Na feɗe, ina zaginsa a zuci, ina zagin karyar, ina zagin wanda ya fara ƙago farauta. Tun azahar tukunya ke kan wuta har la'asar ta yi sanyi, naman nan ya ƙi laushi. Damina bakwai ba wasa ba ce. Na zuba masa a akushi. Ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida, daidai inda masu dawowa daga daji za su bi, ya zauna. Duk wanda ya zo wucewa ya ce masa, "Bismilla, ga nama." Kowa ya ce alhamdu lillahi ya sunkuyar da kai ya wuce. Zuwa lokacin an gama haɗa gafiyar rumbunmu da zomon da ya kawo gaisuwa, maƙwabciyata ta taimaka.

Ina leƙensa ta jikin zana. Ba haƙoran tauna. Ya sa tsoka a baki, ya yi ta juya ta da dasashi, ya gaji ya haɗiye ta ɗungum. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a akushi. Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar ranar ba, kuma ban taɓa sonsa kamar ranar ba, tsohon banza.

Da na fito ɗaukar akushi ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Ke, barkonon nan ya yi yawa."

Barkonona ya ƙare tun kafin kaka, gishiri da daddawa kawai na sa. Na ce, "E, Maigida, hannuna ne ya zarce. Ka yi haƙuri." A duk zaman aurenmu, wannan ne laifi ɗaya da na karɓa ban yi gardama ba.